Amsa ga mai neman laftof ɗin gem da naira 700,000

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun da safe na ga tambayarka, na bari sai da na tashi daga aiki don in amsa maka a tsanake. Ka ce kana jami'a, ka tara naira 700,000, kana son laftof da za ka buga gem ɗin ƙwallo na FC 24 da kuma GTA V, ka yi karatu da ita, ka kuma ɗan riƙa haɗa bidiyo. Wani mai shago ya nuna maka wata siririya mai furosesar Intel Core i7, ya ce babu gem ɗin da ba za ta ɗauka ba, shi ne kake tambaya ko ka biya.

Kar ka biya tukuna. Irin wannan siririyar ita ce ta fara cin kuɗina a 2019, kuma har yau ina tuna yadda abin ya yi min ciwo. Na shiga wani shago a nan Kano da kuɗin da na yi wata tara ina tarawa, aka ɗauko min wata mai ruwan azurfa, ba nauyi, ga tambarin i7 yana ƙyalli a gefen kibod. Mai shagon ya buɗe min wani shafi ya nuna min lamba, ya ce girafik ɗinta gig 10 ne. Na biya ko gwaji ban yi ba. Da na isa gida na saka ƙwallo, minti goma na farko lafiya lau. Daga nan fanka ta fara kuka, wajen da nake ɗora hannun hagu ya ɗauki zafi kamar murfin tukunya, 'yan wasa suka fara tafiya suna tsayawa. Sai daga baya wani mai gyara ya fahimtar da ni cewa ainihin katin gig 2 ne kawai, sauran takwas ɗin aro ne daga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'urar ke aiki da ita. Bayan wata biyar na sayar da ita da faɗuwar kusan kashi ɗaya cikin uku. Tun daga lokacin na raka 'yan'uwa da abokai da dama sayen laftof, kuma abin da zan gaya maka daga nan na koye shi.

A laftof ɗin gem, katin girafik, wato ɓangaren da ke zana hoton da kake gani, shi ne mai gida. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, na biye da shi. Kuma su biyun nan a manne suke da bod, ba a cire su, ba a canza su, yadda ka saye su haka za ka zauna da su har ranar da za ka rabu da na'urar. RAM kuwa da SSD, wato inda ake ajiye fayil da wasanni, a yawancin laftof ɗin gem ana iya ƙara su duk ranar da ka samu kuɗi. Saboda haka mai ƙaramin aljihu ya zuba kuɗinsa a abin da ba ya canzuwa, ya haƙura da ƙaramin RAM na ɗan lokaci. Da a ba ni i7 da kati mai rauni, gara a ba ni i5 ko Ryzen 5 da kati mai ƙarfi, kuma ko shawara ba zan tsaya yi ba.

Ita kanta kalmar i7 ba ta gaya maka komai sai ka ga cikakkiyar lambar. Ka duba harafin ƙarshe. Idan U ne, kamar i7-8550U, wannan an yi ta ne don aikin ofis da tattalin batir, wat 15 aka tsara mata. Idan H ne, kamar i5-9300H ko i5-10300H, wat 45 ce, an yi ta don aiki mai nauyi. Ryzen 5 4600H da 5600H da kuma i5-11400H duk ƙwaya shida ne a cikinsu, wato sassa shida masu aiki a lokaci guda, kuma don haɗa bidiyon da ka ambata za ka ji bambancin. Ina kyautata zaton wadda aka nuna maka mai U ce. Ka koma ka duba.

Yanzu katin. Kamfanin EA, mai yin FC 24, da kansa ya ce mafi ƙarancin abin da FC 24 ke buƙata shi ne GTX 1050 Ti da RAM gig 8 da fili gig 100, abin da suka ba da shawara kuma GTX 1660 da RAM gig 12. Ka ga ke nan duk katin da sunansa ya fara da MX, irin su MX150 da MX250 da MX350, ya fita daga lissafi, komai kyan da za a yi masa a baki. Haka nan Intel UHD da Iris Xe, waɗannan ba kati ne mai zaman kansa ba, a jikin furosesa suke.

Da kuɗinka, kasuwar na hannu za ka shiga, waɗanda ake ce wa tokumbo. A can ƙasan layi akwai GTX 1650 mai gig 4, wanda ya fito a 2019. Zai buga maka ƙwallo da GTA V ba matsala, amma a sababbin wasanni masu nauyi sai ka sauke komai ƙasa. Sama da shi akwai GTX 1660 Ti da RTX 2060, duka masu gig 6, su ma na 2019. Waɗannan biyun su nake so ka sa wa ido. Idan Allah ya haɗa ka da RTX 3060 a farashin da hannunka zai kai, ka riƙe shi da kyau, sai dai ka tsananta gwaji, domin kaya mai kyau ba ya araha haka kawai.

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa, suna ɗauka duk lambar da ta fi girma ta fi ƙarfi. RTX 3050 mai gig 4 ya fi 1660 Ti sabunta da shekara biyu, amma a yawancin wasanni tsohon ne ke gaba, ga kuma ƙarin gig 2 da yake da shi. RTX 2050 ma sunansa ne kawai ya yi kusa da 2060. A wajen aiki ya fi kusa da 1650. Abin da masu RTX suka fi masu GTX da shi shi ne DLSS, wata dabara da ke ƙara saurin hoto a wasannin da suka yarda da ita. Yana da amfani, amma ba zai mayar da gig 4 ya zama 6 ba, kuma wasannin yanzu cin wannan ma'ajiyar ta katin suke yi ba ƙaƙƙautawa.

Akwai kuma maganar wat, wadda ba kasafai mai shago ke ɗauko ta ba. Kati ɗaya mai suna ɗaya, kowane kamfani da yawan wutar da yake sake masa. RTX 3060 na laftof ana samunsa daga wat 60 har zuwa 130. Siririyar laftof ba ta da wurin fitar da zafi, don haka sai a rage wa katin wuta, ya zama suna ne babba aiki kaɗan. Idan ka buɗe NVIDIA Control Panel ka shiga System Information, a katunan RTX 30 zuwa sama za ka ga layin Maximum Graphics Power. Shi ya sa nake ce wa kowa ya nemi mai kauri, mai fanka biyu, mai manyan ramukan iska a baya da gefe. Irin su Lenovo Legion 5, IdeaPad Gaming 3, Acer Nitro 5, ASUS TUF, HP Victus, HP Omen da Dell G15, duk ana samunsu a Farm Centre da titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja. Ba na rantsuwa da sunan wani kamfani, domin a kayan hannu lafiyar wadda ke gabanka ita ce magana.

Waɗanda suka girmi waɗannan, masu i7-7700HQ da GTX 1050 ko 1060, za ka gan su da araha mai jan hankali. Ni dai ba zan ba ka shawarar su ba yanzu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga ƙarni na 8 na Intel take farawa, i7-7700HQ kuwa ta ƙarni na 7 ce. Shekarunsu ma sun ja, batir da fanka da maƙalin murfi duk sun gaji.

To, zafi. Mu da muke zaune inda a watan Afrilu ake haura digiri 40, ga ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Bara na raka ɗan yayata sayen tasa. Aka kawo mana wata mai 1660 Ti, jikinta tas ko ƙwarzane babu, yaron har ya fara murmushi. Na ce a jona caja, na saka HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin na'ura, daga filashin da na zo da shi, muka kunna gem. Kafin minti shida furosesa ta kai digiri 97, hoto ya fara sarƙewa. Na kara bayan hannuna a ramin iska na dama na ji iska mai zafi tana fita, na kara a na hagu, shiru. Na roƙi mai shagon ya sa yaronsa ya buɗe ƙasan. Da aka ɗaga murfin, sai ga ƙura ta dunƙule a bakin ƙarfen kamar audugar katifa, fanka ɗaya ko motsi ba ta yi. Mutumin kirki ne, shi ma bai sani ba, a haka aka kawo masa ita cikin kwali. Ya canza fankar, aka share, aka sa sabon man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke kwashe zafi. Muka sake gwadawa ta tsaya a tamanin da 'yan kai, muka biya. Har yanzu ita yake amfani da ita.

Don haka ranar da za ka je, ka ware awa guda, kuma ka tafi da wanda ya san harkar idan da hali. Ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka danna GPU, ka karanta sunan katin da idonka, ka duba Dedicated GPU memory. Wannan ita ce lambar gaskiya. Wadda aka rubuta Shared ita ce aron da ya rufe min ido a 2019. Ka kunna gem na aƙalla minti ashirin da caja a jone kana kallon zafin. Furosesar Intel tana rage gudu da kanta idan ta doshi digiri 100, katin Nvidia kuma wajen 87, don haka wadda ta manne a can tun farkon wasa tana da magana. Ka lura ko akwai layi-layi ko ɗigo masu launi a sikirin, ko ta ɗauke da kanta. Idan ka ga haka ka ajiye ta ko nawa aka rage maka, domin alama ce ta katin ya fara mutuwa, wani lokaci ma an gasa shi da iska mai zafi ne don ya farfaɗo na 'yan makonni. Ka saka manhajar CrystalDiskInfo ka ga lafiyar SSD. Ka rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, ka gwada abin da batirin ke ɗauka yanzu da abin da aka yi shi ya ɗauka. Ka shiga BIOS, wato shafin saiti da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka tabbatar ba a kulle shi da lambar sirri ba. Ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa kana saurare, ka taɓa kowane maɓalli, ka gwada kowace kafar USB da ta HDMI. Mai shagon da ya hana ka wannan gwajin, ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce gaba. Ba a cinikin biri a sama.

Caja ma ka dube ta da kyau. Laftof ɗin gem tana cin wat 135, ko 170, wata har 230, kuma an rubuta abin da take buƙata a ƙasanta. Ta asali tana da nauyi a hannu. Idan aka haɗa ka da ƙarama ko jabu, za ka ga batir na sauka alhali tana jone, gem kuma yana ja da baya, sai ka ɗauka na'urar ce ba ta da lafiya.

Wannan ya kawo ni kan wuta, tunda ka ce a hostel kake. Kar ka sa rai za ka buga gem a kan batir. Da zarar an ɗauke wuta na'urar tana rage ƙarfin katin da kanta, kuma da ƙyar batirin ya kai ka awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ko a karatu ma ba ta kai laftof ɗin ofis riƙe caji, ga nauyi, ita da cajarta sun kusa kilo uku a jaka. Ka san da wannan tun yanzu. Idan kuma da janareta za ka riƙa amfani, ka sayi abin kariya daga hawa da saukar wuta, kuma kar ka bar ta a jone lokacin da ake tayar da injin. Da a ce ƙwallo ce kaɗai damuwarka, da na ce ka sayi PS4 ta hannu da laftof ɗin ofis mai sauƙi, kuɗin ya ishe ka har da canji. Amma tunda akwai haɗa bidiyo, ka tsaya a kan ta gem ɗin.

Kar ka kashe 700,000 ɗin duka a kan na'urar. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin goma. Yawancinsu da RAM gig 8 sanda ɗaya suke zuwa, kuma ƙara sanda ta biyu ya zama 16 yana sa su yi aiki bibbiyu, ka ga sarƙewar nan ta ragu sosai. A duk gyaran da na taɓa yi, babu wanda ya kai wannan biyan kuɗinsa. SSD mai gig 256 ba zai ishe ka ba, FC 24 da GTA V kaɗai sun kusa cinye shi, don haka ka nemi 512, ka kuma tambaya ko akwai gurbi na biyu. Sikirin mai 144Hz, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, yana da daɗi, amma kar ka sauka daga 1660 Ti zuwa 1650 saboda shi. Fitilun kibod masu launi kuwa ko naira ɗaya kar ka ƙara a kansu.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, a rubuta kwanakin garanti a kai da biro, ko da mako biyu ne, kuma a cikin kwanakin nan ka matsa mata da aiki kullum. A gida kar ka ɗora ta a kan katifa ko darduma, ka sa ta a tebur ka ɗan ɗaga bayanta, ka kuma kai a share mata ƙura bayan kowane hunturu.

Gobe idan ka koma shagon, ka ɗauki hoton shafin GPU da na CPU a Task Manager, da takardar da ke manne a ƙasan laftof ɗin, ka turo nan kafin ka tura wa kowa kuɗi. In sha Allahu bayan la'asar ina kusa da waya, zan duba maka.