Amsa ga Yarona Game da Fentin Kobold, Barorin Diragon

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa na dakatar da kai daga aikin da kake yi wa ɗan mutum-mutumin kobold guda ɗaya, ƙaramar halittar nan ta wasan tebur, alhali ka duƙufa kana fito da kowane ɓawo na fatarsa ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma tambaya ko fuskar kare ta dace da shi ko ta ƙadangare, tunda ka ga iri biyun a cikin kayan da masu wasa suke kawo mana. Tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya ne, domin wanda bai san yadda ake amfani da halitta a kan teburin wasa ba, ba zai san inda ya kamata ya kashe lokacinsa da fentinsa ba.

Batun fuska yana da tarihi, kuma duk wanda ya kawo maka iri biyun bai yi kuskure ba. Asalin kobold yana cikin tatsuniyoyin Jamus, inda ake ɗaukarsa wani ƙaramin aljani ne da ke zama a gidaje ko a ramukan haƙar ma'adinai. Gary Gygax da Dave Arneson sun sa shi cikin wasan Dungeons & Dragons tun fitowarsa ta farko a 1974, kuma a littafin halittun wasan na 1977 an zana shi da baki irin na kare, da ƙananan ƙahoni, da fata mai ɓawo. Sai a bugu na uku, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2000, aka tsayar da shi a matsayin dangin ƙadangare, mai magana da harshen diragon, wato ƙaton macijin nan mai ƙafafu da fukafukai da ke kwana a kan tarin dukiya. Tun daga lokacin kobold yake alfahari da cewa jinin diragon ne ke gudana a jikinsa, yana yi masa bauta, yana haƙa masa kogo, yana gadin dukiyarsa. Saboda haka idan mai kaya bai faɗi wanda yake so ba, ka yi masa na ƙadangare, amma idan ka ga tsofaffin gumakan dalma masu bakin kare, kada ka kuskura ka gyara musu fuska, domin mai su yana son su ne a yadda suke.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da dokokin wasan suka ce a kansa. A littafin halittu na 2014, kobold yana da makin rai 5 kacal, wato ma'aunin dukan da zai iya jurewa kafin ya faɗi, makamansa wuƙa da majajjawa, kuma hasken rana yana rage masa iya kai hari. Sara ɗaya mai kyau ya isa ya kwantar da shi. Ƙarfinsa duka yana cikin taro: idan ɗan'uwansa yana tsaye kusa da wanda yake kai wa hari, ana jefa masa dayis mai fuska 20 sau biyu, a ɗauki lambar da ta fi girma. Wannan doka kaɗai ta isa ta nuna maka cewa mai jan ragamar wasa ba ya ɗora kobold ɗaya a kan tebur, sai dai goma ko fiye, kuma da yawansu za a kwashe su a mayar cikin akwati kafin a gama zagaye na biyu na faɗa. Idan ka ƙarar da ƙarfinka a kan guda ɗaya, sauran za su tsaya kusa da shi kamar ba hannu ɗaya ya yi su ba, kuma idon mai wasa zai ga wannan rashin daidaito kafin ya ga ƙwarewarka.

Ka tuna kuma da girmansa. A labarin wasan tsawonsa bai wuce ƙafa 2 zuwa 3 ba, a ma'aunin milimita 28 da muke aiki da shi kuwa, wato inda tsawon mutum yake kusan milimita 28, bai kai gaɓar babban yatsanka ba, yana tsaye a kan murabba'i mai faɗin inci 1 wanda ke wakiltar ƙafa 5. Mai wasa yana kallonsa daga nisan hannu, sau da yawa a ɗakin da haske bai wadata ba. Daga wannan nisa ɓawon da ka sha wahalar zanawa ba ya fitowa ko kaɗan. Abin da ke fitowa shi ne tsinin baki, da lanƙwasar wutsiya, da ɗigon haske a ido, da abin da yake riƙe da shi a hannu.

Don haka ka jera su duka a kan katako ɗaya, ka yi musu fentin shimfiɗa tare, sannan ka bi su da launin fata tare, ta yadda kafin ka kai na ƙarshe na farko ya bushe. Bayan haka ka kwarara musu fenti mai ruwa-ruwa, mai duhu, ka bar shi ya gangara da kansa cikin tsagogin da ke tsakanin ɓawon. Idan ya bushe sarai, ka ɗebo launi mai haske a buroshi, ka goge shi a tsumma har sai ya kusa ƙarewa, sannan ka shafa shi a hankali daga kai zuwa wutsiya, ka ga yadda bakin kowane ɓawo zai kama hasken ba tare da ka taɓa shi shi kaɗai ba. Mai sassaƙar ya riga ya yi maka rabin aikin, naka shi ne ka bar fentin ya bi sawunsa. Cikin da ƙarƙashin haɓa ka ba su launi mai haske fiye da baya, idon kuwa ɗigo ɗaya na ja ko rawaya ya wadatar, kuma kada ka gwada yi masa ƙwayar ido.

Lokacin da ka tara ta wannan hanya, ka kashe shi wajen tambayar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci a wannan aiki, wato wane diragon ne ubangidansu. Jan diragon yana zaune a duwatsu, farin a cikin ƙanƙara, baƙin a fadama, koren a daji, shuɗin kuma a hamada. Launin da aka fi sani na kobold ja ne mai duhu zuwa ruwan ƙasa, kuma ni ban cika son a rina dukan jikinsa da launin ubangidansa ba, domin bara ya fi kyau a gane shi ta abin da ya rataya. Ka sa launin a tsumman da ya ɗaura, ko a zanen garkuwarsa, ko a ɓawo guda ɗaya babba da ya tsinta ya rataya a wuya yana tinƙaho da shi. Mazauninsa ma, wato gindin da yake tsaye a kai, ya ba da labarin wurin, toka da baƙin dutse ga barorin ja, laka mai sheƙi ga barorin baƙi.

Kada rauninsa ya sa ka yi masa kamannin wawa. A 1987 Roger Moore ya ba da labari a mujallar Dragon, fitowa ta 127, na wani mai jan ragama da ake kira Tucker, wanda kobold ɗinsa suka addabi manyan jarumai da tarkuna da wuta da ƙananan ramukan harbi a bango, ba tare da an ƙara musu ƙarfi ba, kuma har yau masu wasa suna ambaton wannan labari. Wani littafin halittun wasan na 2016 ma ya kawo kobold mai ƙirƙira, wanda cikin makamansa akwai kunama ɗaure a kan sanda. Saboda haka diga da igiya da tulun mai da ke hannunsu su ne suka cancanci ƙaramin buroshinka, da ɗan tsatsa a bakin ƙarfe da duhun hayaƙi a bakin tulu.

A cikin kowane taro ka ware biyu ko uku ka yi musu cikakken aiki, wato shugaba, da matsafi, da mai fukafukai idan akwai, domin su ne za su daɗe a tebur kuma su ne masu wasa za su ɗauka su duba. Wanda ka riga ka fara ka ajiye shi ya zama shugaban, ka ɗauko sauran ka kankare layin da mazubi ya bari a jikinsu, ka wanke su da sabulu, sannan ka tambayi mai kayan launin diragon ɗinsa kafin ka buɗe kwalbar fenti.