Zuwa ga 'yata da ta yi tambaya a kan ƙuri'a da bangaskiya

Salama a gare ki, 'yata. Na karanta tambayarki sau biyu kafin na ɗauki waya. Kin ce a zaɓen da ya wuce fastonku ya faɗa a kan mumbari cewa duk mai bin da ya dangwala wa wata jam'iyya ya sayar da Yesu, ga shi kuma mahaifinki ɗan wannan jam'iyyar ne tun da daɗewa, yana shan jibin Ubangiji, yana fid da zakkarsa. Kina so ki sani ko Kirista na gaskiya yana da jam'iyyar da ya zama dole ya bi. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, dattijon ikkilisiya a nan Kaduna, kuma tun 1979 nake jefa ƙuri'a. Abin da idona ya gani zan gaya miki.

Ba na raina tsoron da ya sa fastonku ya yi wannan magana. Wanda ya taɓa neman fili don gina majami'a aka yi ta masa jeka ka dawo shekara da shekaru, wanda ɗansa ya gama sakandare ba a taɓa ba su malamin addinin Kirista ba, wanda ya binne 'yan'uwa a kudancin Kaduna ko Filato, ba za ka ce masa addini bai shafi siyasa ba. Lokacin da APC ta tsayar da Tinubu da Shettima, dukansu Musulmi, a 2023, bayan a nan jiharmu an riga an yi haka a 2019 da El-Rufai da Hadiza Balarabe, mutane da yawa sun ji an nuna musu cewa ba a bukatarsu. Har 'yan jam'iyyar kansu, irin su Babachir Lawal da Yakubu Dogara, sun fito fili sun ƙi. Duk wanda ya juya wa tikitin baya saboda wannan dalili, hakkinsa ne, kuma dalilinsa yana da nauyi. Ni kaina ban zaɓe shi ba.

Inda na rabu da fastonku shi ne wurin da ya mai da ƙuri'a ma'aunin ceto.

Ranar 12 ga Yuni 1993 na tsaya a layi tare da dattawan cocinmu, muka dangwala wa doki, wato SDP. Ɗan takararta Abiola Musulmi ne, mataimakinsa Babagana Kingibe Musulmi ne. A ɗaya ɓangaren kuwa Bashir Tofa ya ɗauki Kirista, Sylvester Ugoh, mataimaki. Ba wanda ya ce mana mun yi ridda a wancan lokacin. Littafi Mai Tsarki bai sake ba tsakanin 1993 da 2023. Abin da ya sake shi ne yardar da ke tsakaninmu da maƙwabtanmu, bayan rikicin shari'a na 2000 da abin da ya biyo bayan zaɓen 2011 a Zonkwa da Kafanchan da cikin garin Kaduna, inda Kirista da Musulmi duk suka yi asarar rayuka. Ciwon gaskiya ne, amma ciwo daban, umarnin Allah daban.

Akwai abin da na yi da hannuna wanda har yau yake damuna. Wata shekara ɗan cocinmu ya fito takarar kansila. Mawaƙi ne a ƙungiyar mawaƙa, ni na koyar da shi a aji biyar. Abokin takararsa wani Musulmi ne mai shagon magani, wanda kowa a unguwa ya san yana ba da magani bashi ga matan da ba su da kuɗi, ba ya tambayar sunanki Maryamu ne ko Mariya. Na bi gida gida ina cewa namu namu ne. Muka ci. Akwai ƙaramin asibitin unguwa da iska ta yaye wa kwano, ya yi alkawari a gaban ikkilisiya cewa shi zai fara gyarawa. Wa'adinsa ya ƙare ruwa yana zuba a ɗakin haihuwa, ungozoma tana jera bokitai a ƙasa tana jan gado zuwa kusurwar da ba ta yoyo. Shi kuwa ya sayi mota, ya koma wata unguwa, ranar godiya ta shekara ya kawo baiko mai kauri muka tafa masa. Matar ƙanena a wannan ɗakin ta haihu da damina. Da na je barka na ga bokitan, sai na kasa haɗa ido da ungozomar, domin na san da ƙuri'ata da bakina aka kawo wannan.

Kada ki ɗauka a ƙananan kujeru kawai ake haka. Jolly Nyame rabaran ne, ya mulki Taraba daga 1999 zuwa 2007. Joshua Dariye Kirista ne, ya mulki Filato. A 2018 kotu ta same su duka biyu da laifin almundahana da dukiyar jama'a ta ɗaure su, sai a 2022 aka yi musu afuwa. Kuɗin da aka yi shari'a a kansu na talakawan jihohin ne, waɗanda yawancinsu masu zuwa coci ne ranar Lahadi. Sunan baftisma bai tsare baitulmali ba.

Shi ya sa yanzu idan zaɓe ya zo nake komawa ga shawarar da Yetro ya ba surukinsa Musa a Fitowa sura 18, aya ta 21: a nemi mutane masu iya aiki, masu tsoron Allah, amintattu, masu ƙin cin hanci. Ki lura, halin mutum aka lissafa. Ina tambayar kaina, wannan ɗan takara da ya riƙe muƙami a baya, ya biya malamai albashi? Da aka kai hari ƙauye, ya taka ƙafa ya je, ko daga Abuja ya aiko da takardar ta'aziyya? Yana raba mu da maƙwabta don ya ci, ko yana iya magana ɗaya a gaban coci da gaban masallaci? Ba na yin sak. Na sha dangwala wa jam'iyya ɗaya a shugaban ƙasa, wata a gwamna, wata kuma a majalisar jiha. Jam'iyyun namu ma ai 'yan siyasa shiga suke suna fita kamar kasuwa. Wanda aka ce miki jiya zaɓensa wajibi ne, gobe ya sauya sheƙa zuwa inda aka ce haramun ne. To bangaskiyarki ita ma za ta bi shi ne? Tsarin mulkin 1999 kansa bai yarda a yi wa jam'iyya rajista ba sai ƙofarta a buɗe take ga kowane addini, don haka babu jam'iyyar Kirista a takardar ƙuri'a, sai dai Kiristoci a cikin jam'iyyu.

Iyayenmu a bangaskiya ba su tsaya wuri ɗaya ba. Dakta R.A.B. Dikko, Kirista da ya tashi a Wusasa, likita na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Joseph Tarka ya ja UMBC, jam'iyyar mutanen yankin tsakiyar Najeriya, yana adawa da ita. Farfesa Ishaya Audu ya tsaya mataimakin Azikiwe a NPP a 1979, daga baya ya yi wa Shagari ministan harkokin waje. Wa zai tashi yau ya ce ɗaya daga cikinsu ya sayar da Ubangijinsa? A cikin almajirai goma sha biyu ma akwai Matiyu, mai karɓa wa gwamnatin Roma haraji, akwai Saminu Zaloti, wanda sunansa ya nuna ɓangaren masu zafin kishin ƙasa. Akushi ɗaya suka ci da Yesu. Yusufu ya yi wa Fir'auna aiki, Daniyel ya yi wa sarakunan Babila, kuma ta bakin Irmiya aka ce wa bayin da ke Babila su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a.

Akwai iyaka, ba na ɓoye miki. Idan jam'iyya ta ce wa mahaifinki ya raba kuɗi da taliya a bakin rumfar zaɓe, ko ya sa hannu a sakamakon da ya san ƙarya ne, ko ya ɗauki 'ya'yan mutane bangar siyasa, ko ya yi shiru a kan jinin da aka zubar don kada ubangida ya ji haushi, a nan ne bangaskiyarsa take kan sikeli, kuma a nan ne fasto yake da cikakken iko ya tsawata masa. Wannan tsawatawar ta hau kan ɗan kowace jam'iyya, har da wadda faston yake so.

Bayan zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, zumuntar mata ta cocinmu ta kusa rabewa. Wasu mata biyu da suka shekara ashirin suna zama benci ɗaya suka daina gaisawa, ɗaya ta bi Peter Obi, ɗayar mijinta ejan ɗin wata jam'iyya ne. Wata uku muna zirga-zirga tsakanin gidajensu. Ranar da suka shirya, ɗayar ta ɗauki kwanon tuwo da kanta ta kai wa 'yar'uwarta da ke jinyar uwa a asibiti, suka zauna a baranda suna kuka. Waɗanda suka yi faɗan dominsu ba su san da zamansu a duniya ba.

Ga abin da zan roƙe ki. Kada ki kai maganar nan gaban jama'a ki kunyata fastonku. Ki sami dattijo ɗaya ko uwar zumunta da kika yarda da ita, ku je ku same shi a gida, ki gaya masa yadda maganar ta sa kika fara kallon mahaifinki. Fastoci da yawa ba su san inda kalmarsu take sauka ba sai an nuna musu. Shi kuma Baba, ki zauna da shi da yamma bayan an ci abinci, ki tambaye shi me ya gani a jam'iyyar nan da ya sa ya daɗe a cikinta, da kuma abin da ba zai taɓa yi mata ba ko an ba shi kujera. Ki bar shi ya gama magana kafin ki sa baki. Ki gaishe min da shi, ki ce wani tsohon malami a Kaduna yana sa gidanku a addu'a.