Ina So In Haɗa Rumbun Hotuna da Bidiyo a Gida, Ta Ina Zan Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Tudun Wada, Zariya. Hotunan gidanmu da bidiyon biki da na suna, da tafsirin azumi da nake ɗauka shekara da shekaru, duk a warwatse suke. Wasu a wayata, wasu a ta uwargida, wasu a filash da memori. Wani ɗalibina ya ce in haɗa saba a gida, kowa ya riƙa kallo ba sai da data ba. Ina da inbata da batir ɗaya mai 200Ah. Wace irin kwamfuta zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ɗalibinka ya yi maka shawara mai kyau. Saba kwamfuta ce da ake bari a kunne a wani lungu na gida, a jona ta da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ta riƙe duk ajiyar gidan, wayoyi da talabijin kuma su riƙa ɗiba daga gare ta ta Wi-Fi. Rumbu ke nan, kamar na hatsi. Tun da ɗibar a cikin gida ake yin ta, ko rautar ba data za ka kalli bidiyonka.

Kafin mu zo kan kwamfuta, bari ka ji abin da ya same ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, na sha ɗaukar muryarsa a zauren gidanmu na Kwarbai yana ba da tarihin kakanninmu. Na tattara duka na zuba a faifan ajiya guda ɗaya, wato had-disk, na goge na waya don in samu fili. Wani dare ina kwafar abu a kansa aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, aka sake ɗaukewa. Da safe faifan sai ƙas-ƙas yake yi. Na kai wa mai gyara, ya yi iya yinsa ya dawo mini da shi. Guda biyu kacal suka tsira, su ma don na taɓa tura wa ƙanwata ta WhatsApp ne. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wannan magana a garin nan, da wuta nake fara masa.

Ga lissafin. Ƙaramar kwamfutar ofis mai faifai biyu tana shan wajen wat 25 zuwa 30 in ba ta cikin aiki mai nauyi. Wat 30 na tsawon awa 12 na dare ya kama 360Wh. Batirinka mai 12V da 200Ah yana riƙe 2,400Wh a takarda, amma irin na ruwa rabin haka ya kamata a ci in ana son ya yi ƙarko. To ka ga sabar za ta kwana a kunne, sai dai ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na rabon fanka da fitilun yara. Da za ka ɗauko tsohuwar ƙatuwar kwamfuta mai shan wat 100, ita kaɗai za ta cinye rabon kafin asuba. Kuma ba dole ba ne ta kwana a kunne. Tawa bayan la'asar nake kunna ta, in kashe in za mu kwanta. Abin da ba na wasa da shi shi ne UPS, wato ƙaramin akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, tsakaninta da soket, mai ramin USB, wanda zai sanar da ita wuta ta tafi don ta kashe kanta cikin tsari. Faifai ba abin da ya tsana kamar a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu.

Kwamfutar kuwa, 'yar Beljiyam ta ishe ka: HP EliteDesk ko Dell OptiPlex mai Intel i3 ko i5 na zubi na 7 ko na 8, da RAM 8GB. Na zaɓi waɗannan ne saboda suna da Quick Sync, wanda ke sauya babban bidiyo ya dace da ƙaramar waya ba tare da injin ya galabaita ba. Ka sa mai shago ya buɗe murfin a gabanka, ka ƙirga da idonka ko akwai mazaunin manyan faifai biyu da ramukan SATA, inda ake jona faifai, da za su isa. Da yawa daga cikin sirara ɗaya kawai suke ɗauka.

Wurin faifai ne za ka kashe kuɗi, kuma nan ne ba na son a yi rowa. Sayi biyu masu girma ɗaya, misali 4TB kowanne, irin Seagate IronWolf ko WD Red Plus, waɗanda aka ƙera don dogon aiki. Ka lura da kalmar Plus ɗin nan. A 2020 aka gano wasu WD Red na 2TB zuwa 6TB suna rubutu da salon SMR, mai nawa sosai idan ana sake gina ajiya bayan an canja faifan da ya mutu, daga nan kamfanin ya ware Red Plus masu salon CMR, wanda ba shi da wannan matsala. In kuɗi suka tilasta maka sayen na hannu, sa a duba shi da manhajar CrystalDiskInfo kafin ka biya. Tana nuna awowin da ya yi yana aiki. Shekara guda awa 8,760 ce, don haka faifan da ya nuna 35,000 ya yi kusan shekara 4 yana juyi ba hutu, ko da fentinsa na ƙyalli. Kada kuma ranka ya ɓaci in 4TB ya fito maka 3.63, bambancin ƙirga ne, ba cuta ba ce.

Faifan biyu za ka haɗa su tagwaye, abin da ake kira RAID 1: duk abin da aka rubuta a ɗaya yana ɗayan. Filin 4TB ɗin dai za ka samu, ba 8 ba. Manhajar da za ta tafiyar da injin, ga mai farawa OpenMediaVault nake so, kyauta ce, a kan ƙaramin SSD na daban, wato faifai mai sauri wanda ba ya juyi, za ka sa ta. A kanta ka ɗora Jellyfin, ita ma kyauta, ita ce za ta jera maka tafsiri shekara-shekara da bidiyon biki a fuskar talabijin. Tsakanin saba da rauta ka ja kebul, kada ka dogara da Wi-Fi. Maganar kallo daga wajen gida ka bar ta tukuna.

Sai yanayin garinmu. Kada ka ajiye ta a ƙasa ko cikin rufaffen kabad. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Maris da Afrilu ya zo ya ƙarasa. Ɗora ta kan kanta inda iska ke ratsawa, ka riƙa hure ta duk wata, ka riƙa duba zafin faifan kada ya riƙa wuce digiri 45.

Malam, tagwayen nan mutuwar faifai ɗaya kawai suke karewa. In yaro ya goge fayil, ya gogu a duka biyun. In tsawar damina ta bi waya ta shigo, ko ɓarawo ya ɗauke akwatin, duka sun tafi tare. Don haka ka nemi faifai na uku mai USB, ka kwafi hotuna da tafsirin a kai duk ƙarshen wata, ka zare shi, ka kai gidan ɗan'uwa a wata unguwa. Nawa yana gidan ƙanwata a Samaru, ran Juma'ar farko ta kowane wata nake karɓo shi in sabunta in mayar. In kuɗinka ba su kai na komai a yanzu ba, wannan faifan za ka fara saya a makon nan, ka tattara na wayarka da na uwargida da na filash a kansa, kada kuma ka goge na wayar sai sabar ta fara aiki.