Amsa ga ƙaninmu mai lissafin cunkoson atam a gishiri

Ƙanena, da na ga ka ce ka lissafa cunkoson atam na gishiri, wato kason da atam suka cike a cikin ƙaramin akwatin da ake maimaitawa a ginin gishirin, ka samu 2.2, wallahi sai da raina ya sosu, don wannan darasin ne ya jawo min kariyoba, wato maimaita kwas. Amsar ba ta taɓa kaiwa 1, tunda atam ba za su fi akwatin da ke ɗauke da su girma ba. Ina kyautata zaton duk ƙwallaye 27 ɗin da ke zanen akwatin ka ƙirga. Ai da akwatunan da ke maƙwabtaka kake raba su. Na kusurwa ɗaya bisa takwas ne naka, na gefe rubu'i, na fuska rabi, na tsakiya ne kaɗai naka sukutum. In ka tara, sodiyam 4 ne, kulorin 4.

Sannan don Allah ka duba radiyos ɗin da aka ba ka, wato nisa daga tsakiyar ƙwallo zuwa bakinsa. Mu malaminmu handawut ya sayar mana, a ciki ya sa sodiyam 1.86, kulorin 0.99, wato na atam zalla, alhali a gishiri ayon ne, wato atam mai caji: 1.02 da 1.81. Muka bi takardarsa muka samu 0.69, ya soke mana duka. Na je ofishinsa da sanyin safiyar nan ta Jos, handawut ɗin a hannuna, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin lambar. Na daɗe tsaye bakin ƙofa kafin ya ce in shigo. Ko ɗago kai bai yi ba, yana ta latsa waya, ya ce shi ya ce in haddace? Har da shekara mai zuwa ma rana ce. Mahaifina kabeji da karas yake sayarwa a Farin Gada, da su ya biya kuɗin takardar nan. Daren ranar na kasa gaya masa, abinci ma ban iya ci ba. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

To, tsawon gefen akwatin angistirom 5.64 ne (ma'aunin tsawo na atam, shi ne na radiyos ɗin ma), ka ninka shi da kansa sau uku, 179.4. Kowane ayon ka yi masa 4/3 × π × r³, takwas ɗin su ba ka kusan 117. Ka raba 117 da 179.4, 0.65.

In an kawo maka daimon ka ga 0.34 kada ka tsorata, daidai ne, duk taurinsa. Ƙwallaye masu girma ɗaya ba sa wuce 0.74. Kuma kada ka je ofishin kowa kai kaɗai, ka tafi da wakilin aji.

Ka shirya wa kuza, wato ma'adinin tin da oksijin, a garin nan da wuya a ƙi tambayarta. Akwatinta gefunansa ba ɗaya ba ne: 4.74 × 4.74 × 3.19, tin 2, oksijin 4. In ka gwada, turo hoton aikinka nan in duba maka.