Conseguí abrir ko pude abrir: wanne zan ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Sifaniyanci, kuma an koya mana cewa conseguir samun abu yake nufi, kamar conseguí trabajo, na sami aiki. Sai kuma na ci karo da conseguí abrir la puerta. Me aka samu a nan? Da me ya bambanta da pude abrir?

Amsa: Wa'alaikis salam, 'yar'uwa. Wannan ginin kin daɗe da saninsa a bakinki. Wanda ya yi ta fama da kwaɗon da ya yi tsatsa har ya buɗu, cewa zai yi "da ƙyar na samu na buɗe". To, conseguí abrir la puerta ke nan: an yi ƙoƙari, an sha wuya, abin ya yiwu.

Bayan conseguir sai aikatau na biyu ya biyo a sigarsa ta asali, mai ƙarewa da -ar, -er ko -ir. Ba a sa komai a tsakani. Masu koyo kan cusa kalmar "a" saboda sun saba da empezar a, wato fara yin abu, amma conseguí a abrir kuskure ne. Lograr ma haka yake aiki, logré terminar, na samu na gama. Ya fi sauƙin sarrafawa, domin conseguir kan juya e ta zama i: consigo, consiguió, consiguieron, amma conseguí.

Inda nake so ki fi kula shi ne pude. Podía abrir na nufin ina da ikon buɗewa, ba a faɗi ko na buɗe ba. Pude abrir kuwa buɗewar ta auku, sai dai bai nanata wahalar ba. A korewa ne bambancin ya fi fitowa fili. Idan kika ce no pude ir, wato ban iya zuwa ba, ƙila baƙi ne suka zo, ko takalmi ba ki sa ba. Amma mai cewa no conseguí entrar ta je har bakin ƙofa, ta bi layi, ta roƙi mai gadi, ta dawo ba ta shiga ba. Saboda haka kada ki ce no conseguí sai in kin gwada da gaske.

Idan kuma wani ne zai yi aikin, ginin ya sauya. Sai ki kawo que tare da sigar da suke kira subjuntivo: conseguí que el niño comiera, na samu yaron ya ci abinci. Ko da ya cinye tas, comiera za ki ce, ba comió (ya ci) ba.

A hira za ki ji me las arreglé para pagar el alquiler, wato na san yadda na yi na biya kuɗin haya. Wannan dabara da 'yan buga-buga yake nunawa, kuma shi para yake ɗauka kafin aikatau.