Tsohon makirufon kabon ya ƙi magana a sabon rediyo: ya mutu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da lasin rediyon 'yan sha'awa (masu magana da juna ta rediyo), kuma na gaji wani tsohon makirufon soja daga kawuna, an rubuta T-17 a jikinsa. Na yanke masa kan da ake cusawa a rediyo na sa sabo, na jona shi da rediyona na zamani. In na danna maɓalli rediyon yakan shiga watsawa, amma ba wanda ke jin muryata. Wani abokina ya ce in ba shi wutar bolt 12 kai tsaye. Ya mutu ne, ko in bi shawarar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye shawarar abokin nan a gefe, don ita ce za ta kashe shi in ma yana da rai. Kuma ina kyautata zaton yana da ran.

Makirufon da ya zo da rediyonka, in irin mai maganaɗisu ne, shi da kansa yake haifar da 'yar wutar da ke ɗauke da murya. Na kabon ba ya haifar da komai. A cikinsa akwai ɗan gurbi cike da tsakin kabon, baƙi ƙirin kamar an daka gawayi an tankaɗe, an matse shi tsakanin faifai biyu. In ka yi magana, faifan gaba ya riƙa rawa, yana matse tsakin yana sakinsa. Ya matse, wuta ta wuce da yawa. Ya saki, ta ragu. Wato kan famfo ne, kuma ko ka kwana kana murɗa kan famfo, in babu ruwa a bututu ba abin da zai zubo. Abin da ya same ka ke nan.

Dabarar tsohuwa ce. Thomas Edison da Emile Berliner a Amurka, da David Hughes a Ingila, kowa ya yi aiki a kanta tsakanin 1877 da 1878, ta kuma riƙe wayar tarho har cikin shekarun 1980. Abin da ya sa ta karɓu shi ne ƙarfin sautinta, a zamanin da ba a da na'urar ƙara sauti. T-17 ɗin nan na sojan Amurka ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ana jona shi da rediyoyin jirgin sama masu bawul (kwalaben gilashin nan na tsoffin rediyo) irin su BC-375 da ART-13, kuma waɗancan rediyoyin su ke ba shi wutar da yake ci.

Rediyon zamani bai san da wannan ba. Wasu, kamar na kamfanin Icom, suna fitar da bolt 8 a ramin makirufo, amma don ƙananan makirufo masu cin wuta kaɗan aka yi ta, iyakarta miliamf 10 (miliamf ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne). Kar ka ɗora mata wannan nauyin.

Fara da mitar gwada wuta. Sa ta a ma'aunin om (yadda abu ke tauye wucewar wuta), ka ɗora a wayoyin murya, ka danna maɓalli. Lafiyayyen makirufo zai nuna wani abu tsakanin om 50 da 200, kuma in ka hura masa iska ko ka ƙwanƙwasa shi da yatsa, za ka ga lambar tana tsalle. Tsallen nan shi ne alamar rai. In ta kafe wuri ɗaya, tsakin ya dunƙule, ko don laima ko don an taɓa dirka masa wuta fiye da kima. Ka ɗan bubbuga shi a tafin hannu kana jujjuya shi, a hankali, ba dukan ganga ba. In laima ce, kulle shi a kwalba da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi na 'yan kwanaki. Wanda wuta ta ƙona kam sau da yawa ba ya dawowa, kuma bolt 12 kai tsaye a kan om 100 miliamf 120 ke nan, wutar da za ta iya yin tartsatsi tsakanin ƙwayoyin ta manne su.

In ya nuna rai, sai ka yi masa ɗan akwati. Batir biyu ƙanana masu bolt 1.5, a jere da rasista (abin rage gudun wuta) mai om 100, a jere da makirufon. Wannan zai ba shi kusan miliamf 15, ya ishe shi. Daga mahaɗar rasista da makirufo ka ɗauki murya ta cikin kwandansa mai maikirofarad 1 zuwa 10, don ta tare wutar batir kada ta shiga rediyo. Maɓallin T-17 yana katse layin murya in an sake shi, saboda haka batirin ba zai tsiyaye a banza ba.

Matsala ta biyu kishiyar ta farko ce, kuma nan mutane suka fi faɗawa. Da zarar ya samu wuta, zai fitar da ɗaruruwan milibolt, alhali rediyonka 'yan milibolt kaɗan yake jira. In ka tura masa haka, allurar ALC, mai nuna yadda rediyo ke rage ƙarfin da ya wuce kima, za ta buge ƙarshe, muryarka ta dagule, ta fantsama kan masu magana a zangon da ke kusa da naka, ka wayi gari ana neman mai wannan hayaniya. Sai ka rage: rasista mai om 10,000 a jere, wata mai om 100 daga bayanta zuwa layin ƙasa (wayar da ke haɗe da jikin akwati), sautin ya koma kusan kashi ɗaya cikin ɗari. In rediyonka na sa wuta a kan layin murya kansa, ƙara kwandansa ta biyu bayan wannan. Akwatin ya zama na ƙarfe, wayar mai garkuwa, don kada igiyar da kake watsawa ta dawo ta bakin makirufo. Ka kashe na'urar matse murya ta rediyon, don kabon ya riga ya matse ta da kansa.

Gwajin farko kar ya zama a kan eriya. Jona eriyar gwaji, rasistar nan mai om 50, ka saurari kanka a wani rediyon. Ka riƙe makirufon a tsaye dab da leɓe, don in ka kwantar da shi tsakin yakan zame gefe, sautin ya canja.

To, me za ka ji? Murya siririya mai kaushi, tsakanin Hz 300 da 3,000 (Hz ma'aunin kaifin sauti ne), da wani ɗan shuu a ƙarƙashinta kamar ana suya daga nesa. Wannan ba lalacewa ba ce, halinsa ne. Tana ratsa hayaniya sosai, shi ya sa soja suka so ta. Har yau rediyon ƙananan jiragen sama yana bin ma'aunin makirufon kabon, sababbin da matuƙa ke sawa kwaikwayonsa suke yi.

A ganina, a kan SSB, tsarin watsa murya da 'yan sha'awa suka fi amfani da shi yanzu, da rediyon zamani wannan aikin nishaɗi ne kawai, ba zai fi makirufon da kamfani ya haɗo maka ba. Inda yake nuna kansa shi ne a tsohon rediyo mai bawul irin wanda aka yi dominsa, a kan AM, tsohon tsarin watsa murya, inda ba ka buƙatar batir ko akwati. Shi ya sa na ji zafin yanke kan nan da ka yi. Sunansa PL-68, mai layi uku: tsini na maɓalli, zobe na murya, jiki na ƙasa. In bai ɓace ba, nemo shi ka mayar, sabon kan kuma ka sa shi a jikin akwatin.