Ina da ƙoshin lafiya, me zan yi da inshora?

Ɗan'uwa, ka ce shekarunka 26, rabonka da asibiti tun kana yaro, don haka biyan kuɗin inshorar lafiya asara ne. Ni ma haka na ɗauka, sai da ƙanena ya faɗi da babur a hanyar Daura ya karye a cinya. Yaro ne ƙaƙƙarfa, ko zazzaɓi bai cika yi ba. Kuɗin aiki da na magani sai da muka sayar da tumakin mahaifiyarmu biyu, muka bi dangi gida-gida.

Tsarin kamar gayya yake. Mutane da yawa su zuba kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kayar a ɗauki nauyinsa daga ciki. To idan tsofaffi da masu hawan jini da ciwon suga kaɗai suka shiga, fita za ta fi shiga, asusun ya ƙafe ko kuɗin ya yi tsada. Irinka masu jini a jika ne ke riƙe shi, kuma ai iyayenmu ne ke cin moriyar.

Tun 2022 dokar ƙasa ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, kuma Jihar Katsina na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Ka je ofishinsu, amma kafin ka biya ka tambayi cututtukan da tsarin ya ɗauka, da asibitin da za a haɗa ka da shi, don ba kowane magani ke ciki ba.